Sarauniyar Takarda da Sarauniyar Lugu

Masu zargin Abdoulaye Mamani da ɓata tarihin Lugu sun saki reshe sun kama ganye. Littafinsa na 1980, Sarraounia, ƙagaggen labari ne: ya ɗebi abin da baka ta adana, ya ƙera jarumar da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, Med Hondo kuma ya mai da ita fim a 1986. Wannan haƙƙin mai fasaha ne.

Laifin namu ne, mu malamai, da muke karantar da shi tamkar kundin tarihi, har ɗan Dogon Dutsi ya haddace Sarauniyar takarda, bai san sarauta ce ta Azna ba, wadda ta girmi yaƙin, ba ta kuma ƙare da shi ba. Ƙungiya nawa cikinmu ta taɓa kai ɗalibai Lugu?