A Tafasa Madara Kafin A Sha

Saniya tana iya yin ƙiba, tana kiwo lafiya lau, alhali madararta tana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Bincike ya tabbatar cewa tarin fuka na shanu da bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari, suna kama mutum ta hanyar ɗanyar madara. Tafasawa kuwa tana kashe su.

Tun 1924 ake nazarin cututtukan dabbobi a Vom, Jihar Filato, amma a ganina wannan ilimi bai isa rugage sosai ba. Wasu suna cewa tafasawa tana rage daɗin madara. Ko da haka ne, zazzaɓin bakkale yakan ɗauki watanni, ga shan magani na mako shida. Ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa rugage suna bayani da Hausa da Fulatanci.