Karatun Zane: Darasi Daga Hoton Ya da Ƙanwa

Sau da yawa ɗalibin Hausa kan ɗauka cewa nazari ya tsaya ga waƙa da zube da wasan kwaikwayo. A ganina wannan taƙaitawa ce, domin zane ma yana da jigo da salo da tsari, kuma ya kamata mai koyon aikin malanta ya iya karanta shi.

Mu ɗauki misalin zanen da Bafaranshe Théodore Chassériau ya yi da fentin mai a shekarar 1843, wanda ke ajiye a gidan kayan tarihi na Louvre a birnin Paris. Ya zana 'yan'uwansa mata biyu ne, Adèle da Aline, a zamanin da masu fasaha a Turai suka fifita shauƙi da motsin zuciya. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, hannu cikin hannu, da riguna iri ɗaya da jajayen mayafai da gyaran gashi iri ɗaya, a gaban koren bango. Mai kallo cikin gaggawa zai ce tagwaye ne, alhali shekara 12 ce tsakaninsu. Sai an natsu ake ganin kowace da irin fuskarta da irin kallonta. Jigon ke nan: jini ɗaya, amma kowa da halinsa.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Gagarawa ko Sule Tankarkar da zanen Turawa? Amsa ita ce, abin da ke cikinsa ba baƙo ba ne. Duk wanda ya ga ya da ƙanwa sun yi anko ranar hawan salla a Gumel, ko ya ga uba ya yanko wa 'ya'yansa atamfa ɗaya a kasuwar Maigatari, ya riga ya san ma'anar wannan shiga.

Saboda haka, malami ya nuna wa ɗalibai irin wannan hoto, ya tambaye su: me kuka gani? Me ya haɗa su? Me ya raba su? Sannan su rubuta siffantawa da Hausa. Yaron da ya saba da lura kafin ya yanke hukunci, shi ne zai iya gano jigon waƙa. Malamin ma ya ɗauki darasi, domin ɗalibansa duk kayan makaranta iri ɗaya suke sawa, amma ba ɗaya suke ba.