Kafin ka biya kuɗin fili, duba taswirarsa

Jama'a, yawancin masu son fara kiwon tarwada daga kuɗin 'ya'yan kifi da abinci suke fara lissafi. Ni a ganina ruwa ne farko. Kuma a busasshiyar ƙasa irin tamu ba a gane ruwan fili a watan Agusta. Lokacin ko'ina kore shar, dillali ma ya san haka.

Akwai taswirar da ke nuna tudu da kwari. Kowane lanƙwasasshen layi a cikinta yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya ne. In layukan suka matsu, gangare ne sosai. In suka wawware, fili ne shimfiɗaɗɗe. Shuɗin layi mai tsinke-tsinke kuwa koramar damina ce, kafin bazara ta koma yashi. A mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 kilomita 1 ce a ƙasa, da rula kawai za ka san nisanka da rafi. Da irinta masu manyan gonakin shanu a busassun yankunan Ostareliya ke tsara inda mashaya za ta zauna. Mai kifi fa, da yake canza ruwa a kai a kai?

Ɗan gangare alheri ne: tanki a sama, kwami a ƙasa, ƙazamin ruwa ya gangara lambu ba tare da ka ƙona fetur ba. Ɗakin kaji kuma a tudu. Amma tsakiyar kwari, komai arha, a bar shi. Dare ɗaya ambaliya za ta kwashe kifin wata biyar.

Sai dai kar a ɗauki taswira kamar ta san komai. Da yawan namu tsofaffi ne, wasu sun girmi madatsar Tiga ta 1974, wadda ta canza tafiyar ruwan kogin Haɗeja. Haɗa da Google Earth, ka duba hoton wurin na rani. Sannan ba ta nuna ruwan ƙarƙashin ƙasa. Yawancin Kano da Katsina da Kaduna a kan dutse suke, ruwan yana cikin tsaguwarsa ne, shi ya sa burtsatsen maƙwabcinka zai yi ta ambaliya naka ya tashi fayau. Biya masu awon ƙasa kafin a kawo injin haƙa.

Daga nan ka nemi makiyayin yankin da mai haƙar rijiya, ka tambaye su wace rijiya ce ke kai watan Afrilu da ruwa, kuma a gaba nawa.