Firgicin da ke zuwa ba sallama: a yi hattara da ƙwayar da ke kwantar da hankali nan take



Cikin magungunan da aka fi zuwa nema a kantin magani ba tare da takardar likita ba akwai Lexotan da Valium. Akwai 'yan shaye-shaye a cikin masu neman, babu musu. Amma da yawansu matan aure ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, kuma in ka ja su da hira labarin kusan ɗaya ne. Mutum yana zaune lafiya lau, a cunkoson motoci, ko a sahun sallar Juma'a, ko a kan gadonsa, sai kawai gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciya ta kama dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto, yatsu da leɓɓa su yi sanyi, ya sakankance cewa ajali ne ya zo. Cikin kamar minti 10 abin ya kai ƙarshen tsananinsa, kafin rabin awa yawanci ya lafa.

Abin da ke faruwa shi ne, jiki ya buga ƙararrawar haɗari alhali babu haɗarin. Sinadarin adiranalin ya kwararo cikin jini kamar an haɗu da ɗan fashi. Saurin numfashi kuma yana rage iskar kabon da ke cikin jini, shi ke kawo jiri da mutuwar yatsu. Firgicin kansa ba ya kisa. Ɓarnarsa tana zuwa daga baya, lokacin da mutum ya fara tsoron dawowarsa: ya daina shiga mota, ya daina zuwa kasuwa, har gidan biki ya gagare shi.

Kafin a ce firgici ne, sai likita ya duba. Ciwon ƙirji na farko, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari ko wanda shekaru suka ja, a garzaya da shi asibiti. Yawan aikin tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo, da ƙarancin jini, da faɗuwar sukari, duk suna kwaikwayon wannan matsala. Haka nan yawan shaƙar Ventolin ga masu asma, da wasu magungunan mura. Sannan ga goro da kofi da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari. Mai cin goro biyar a rana ya fara rage wannan tukuna.

To, mu koma kan Lexotan da Valium. Suna aiki, shi ya sa ake son su; cikin rabin awa zuwa awa ɗaya hankali ya kwanta. Matsalar ita ce jiki yana sabawa da su da wuri. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, ranar da babu kuma fargabar ta dawo fiye da da, ga rashin barci da makyarkyata. Shi ya sa ko likita ya rubuta su ba a so su wuce mako 2 zuwa 4. Haɗa su da kodin ko tiramadol ko giya na iya tsayar da numfashi a cikin barci. Idan kin riga kin yi watanni kina sha, 'yar'uwa, kada ki yanke rana ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne zai riƙa rage miki kaɗan-kaɗan.

Maganin da aka fi dogara da shi yana da nawa. Shi ne rukunin da ke daidaita sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, irin su Zoloft da Prozac da Cipralex, ko kwatankwacinsu masu sauƙin kuɗi. Ana shan su kullum, ko an firgita ko ba a firgita ba, kuma sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu sosai. A nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa. A makon farko ko na biyu ana iya jin tashin zuciya da ciwon kai, fargabar ma ta ɗan ƙaru, sai a ce maganin bai karɓe ni ba, a jefa shi a durowa. Wannan sanannen abu ne kuma yakan wuce, shi ya sa ake farawa da ƙaramin awo. Bayan an samu sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, sannan a janye a hankali. Wasu yakan rage musu sha'awa. A faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne, ana iya canzawa. Mai ciki ko mai shayarwa ta sanar tun farko. Matashin da bai kai shekara 25 ba kuma, iyaye su sa masa ido a makonnin farko, in ya fara zancen gajiya da rayuwa a koma asibiti a ranar. Da azumi babu wahala, tunda sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mayar da shi sahur ko bayan buɗe-baki.

Ni a ganina, duk wanda ya samu halin yin jinya ta tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, kada ya bari ta wuce shi. Na san wasu za su ce surutu ne kawai za a biya kuɗi a kai? Horo ne, kamar koyon tuƙi. A zama kamar 8 zuwa 12 ake koya wa mutum ya gane cewa bugun zuciyar nan ba mutuwa ba ce, ya saba da jin alamun ba tare da guduwa ba, sannan ya koma wuraren da ya ƙaurace wa mataki-mataki: yau bakin titi, gobe tasha ɗaya a mota, jibi kasuwa. Amfanin horon yakan zauna da mutum bayan an gama, alhali wasu ciwon kan dawo musu in sun ajiye ƙwaya. Ana samun wannan a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, kamar na Yaba a Legas, da Aro a Abeokuta, da na Kaduna, da Kware a Sakkwato, da kuma asibitocin koyarwa. Shiga can ba ya nufin hauka, galibin masu zuwa ana duba su ne su koma gida a ranar.

A gidajenmu da zarar an ga haka sai a ce iska ce ko sammu. Addu'a da azkar suna sanyaya zuciya, a riƙe su, amma a haɗa da zuwa asibiti kamar yadda muke yi wa zazzaɓin cizon sauro. Maigida kuma, in abin ya taso wa iyalinka, ka bar cewa raki ne ko raunin imani. Ka kori 'yan kallo, ka zauna kusa da ita, ku ja numfashi tare ta hanci kuna ƙirga huɗu, ku sake shi a hankali kuna ƙirga shida. Ka riƙa tuna mata cewa ta taɓa shiga irinsa ta fita. In an wuce rabin awa bai sassauta ba, ko ciwon ƙirjin ya sauka hannu ko muƙamuƙi, ku tafi asibiti.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.