Makomar Aikin Injiniyan Sadarwar Kwamfuta

A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke ɗif a duk faɗin duniya har na wajen awa shida. Kamar yadda kamfanin ya bayyana, wani umarni ne aka bai wa na'urori a lokacin gyaran da aka saba yi, sai ya katse hanyoyin da suka haɗa rumbunan kwamfutocinsa. Akwai manhajar da aka ɗora wa alhakin tace irin wannan umarni, amma ita ma tana da nata aibi, sai ta bar shi ya wuce. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai da aka tura injiniyoyi har inda na'urorin suke, suka gyara da hannunsu.

Wannan al'amari ya amsa tambayar da ɗalibai da iyaye suke yawan yi, watau ko akwai sauran amfani mutum ya koyi aikin haɗa kwamfutoci, tun da ga shi na'urori sun soma sarrafa junansu. Lalle akwai, amma fa ga wanda ya kama ilmin daga tushe.

Saƙon da aka aika ta intanet ba ya tafiya a dunƙule. Gutsuttsura shi ake yi, kowane yanki ɗauke da adireshin inda za shi, sa'an nan wasu na'urori da ake kira rauta su riƙa miƙa wa juna shi, kamar yadda ake miƙa bulo a wurin gini, har ya isa. Tsara waɗannan hanyoyi da kula da lafiyarsu shi ne aikin injiniyan sadarwa. A da yakan bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya yana buga wa kowace umarninta. Yanzu kuwa babban kamfani yana da dubbansu, don haka sai a rubuta shiri guda a harshen kwamfuta irin su Python, ya yi wa dukkansu aikin cikin 'yan mintoci. Ganin haka ne kamfanin Cisco ya shigar da wannan fanni cikin jarrabawarsa ta CCNA a 2020.

Masu fargaba suna da tasu gaskiya. Wanda iyakar saninsa ita ce haddar umarni, babu shakka manhaja da ƙirƙirarriyar basira za su raba shi da abincinsa. Sai dai shirin da yake gyara na'ura dubu a tashi ɗaya, haka zai ɓata dubun a tashi ɗaya in an yi kuskure. Jikin ɗan Adam ma haka yake: in hannu ya taɓa wuta, laka ce take janye shi tun kafin mutum ya yi tunani, amma gano inda wutar ta fito da yadda za a kashe ta aikin ƙwaƙwalwa ne. Ranar da na'ura ta ruɗe, mai fahimta ake nema.

To, wane guzuri ya kamata ɗalibi ya yi? Na farko shi ne lissafi, musamman ƙidaya da sifiri da ɗaya. Tsohon tsarin adireshi, IPv4, gurabe 32 gare shi, waɗanda suke ba da adireshi kimanin biliyan 4.3, kuma babban rumbun da ake rabo daga cikinsa ya ƙare a 2011. Sabon tsarin, IPv6, gurabe 128 gare shi. Wanda bai iya wannan ƙidaya ba, ba zai iya raba adireshi ko a ofis ɗaya ba. Na biyu shi ne iya rubuta shirin kwamfuta. Na uku shi ne tsaro, domin duk hanyar da saƙo ya bi, ɓarawo ma yana iya bin ta, ga shi kuwa kuɗin jama'a da asirinsu ta nan suke wucewa. Saboda haka riƙon amana ba ya rabuwa da wannan sana'a.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne sanin haske da lantarki da aikin hannu. A watan Maris na 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da sadarwa ta tsaya cik a wurare da dama na Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. Injiniyoyi ne suka karkata saƙonni zuwa wasu hanyoyi kafin jiragen ruwa su zo gyara. Zaren gilashin da haske yake bi a cikinsa kuwa, in ya tsinke a bakin titi, mutum ne zai je ya haɗa shi, kuma sai da tsayayyar wuta na'urorin suke aiki.

Kuskuren da matasa da yawa suke yi shi ne neman takardar shaida kafin ilmi. Takardar CCNA shekara uku take yi, sai an sabunta ta. Amma ƙa'idojin TCP/IP, waɗanda aka koma kansu a ranar 1 ga Janairu, 1983, har yau su ne ƙashin bayan intanet. Kayan aiki suna sauyawa kullum, tushe kuwa yana nan.

Nan ne nauyi ya hau kan malaman sakandare. Rashin ɗakin kwamfuta ba hujja ba ce, domin da alli da allo ake koyar da ƙidayar sifiri da ɗaya. Malami yana iya yayyaga wasiƙa, ya sa wa kowane yanki lamba da adireshi, ɗalibai su miƙa wa juna har ta haɗu a ƙarshen aji. Inda aka sami kwamfuta ko da ɗaya ce, akwai manhajar Packet Tracer da ake kwaikwayon haɗa na'urori da ita kyauta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ko yarinyar da aka saba wa tambayar dalilin abu kafin haddace shi, kowace irin na'ura zamani ya kawo ba za ta gagare su ba.