Ƙirƙirarriyar basira a ajin zana: Kurfai na jiran malami, Yamai na yi mata alkawalin na'ura

Tun da manhajar ChatGPT ta bayyana a watan Nuwamban 2022, wata sabuwar waƙa ta shiga bakin masu shirya tarurruka a Yamai. A ɗakunan otel masu sanyin kilim, ƙwararru na haska hotuna a bango suna bayanin yadda ƙirƙirarriyar basira za ta koya wa ɗan ƙauye karatu da lissafi, ta gyara masa kuskure nan take, ba ta gajiya, ba ta yajin aiki, ba ta neman albashi. A tafa, a karɓi kuɗin zama, a hau kat-kat a koma gida. Wannan magana ta ƙarshe, wato rashin albashi, ita ce ƙashin bayan zancen duka, ko da yake ba a cika faɗinta da ƙarfi ba.

Da masu wannan waƙa za su ɗauki hanyar Balleyara, su wuce Bonkuku, su yi tafiyar kilomita wajen 180 har Filinge, su shiga ƙauyukan Kurfai da ke bakin Dallol Boso, da sun ga inda ake son a sauke na'urar. A wurare da dama ajin rumfa ce ta zana da karan hatsi, wadda iyaye ke kafawa da hannunsu. Ba ta tsayuwa sai an yi girbi an samu kara, shi ya sa komawa lakwal da gwamnati ke shelarta a watan Oktoba takan ja makonni kafin ta tabbata. Hadarin farko na damina kuma shi ke rufe shekara, ba sufeton makarantu ba. A 2021 hukuma da kanta ta ce irin waɗannan azuzuwa sun kai 36,000 a faɗin ƙasa. A shekarar ce wuta ta cinye yara wajen 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai cikin watan Afrilu, ta sake cinye fiye da 20 a Maraɗi cikin watan Nuwamba. Ajin da ba shi da ƙofar da za a kulle, a ina za a kwantar da kwamfuta da dare?

Sannan ga rashin tsaro. A 2022 makarantun da aka rufe a jahar Tilaberi sun haura 800, yara dubbai suka zauna gida ko suka yi hijira da iyayensu. Abala, maƙwabciyar Filinge, tana cikin yankunan da aka fara sa wa dokar ta-ɓaci tun 2017. Waɗanda ke korar malamai daga ƙauyuka su ne kuma ke lalata eriyoyin tarho, saboda haka mai cewa intanet za ta isa inda malami ya kasa zama bai san da waɗanda yake yi ba. Wutar lantarki ma ba a bar ta a baya ba: lokacin da Najeriya ta yanke layinta a watan Agustan 2023, ita da ke bai wa Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta a wancan zamani, har ofisoshin Yamai sun ɗanɗani duhu, balle ƙauyen da bai taɓa ganin turken Nijelek ba.

Abin takaici shi ne Nijar ta taɓa jin wannan alkawali, kuma ta riga kusan kowa a Afirka jinsa. A 1964, zamanin Diori Hamani, aka buɗe talabijin ɗin lakwal da taimakon Faransa. Lissafin da aka yi a lokacin shi ne na yau: malamai ƙwararru sun yi kaɗan, horar da su na da tsada, to a ɗauki darasi mai kyau a situdiyo a watsa shi, a ajiye a aji wani matashi mai takardar gama firamare ya riƙa kunna akwati yana maimaita abin da ta faɗa. Daga 1966 azuzuwa wajen 20 ne a kewayen Yamai, yara kimanin 800. Ba a tauye wa aikin hakkinsa: masu shirya darussan sun yi fasaha, yaran sun iya magana da Faransanci, an ma jarraba kunna akwatunan da hasken rana tun kafin duniya ta san darajar wannan wuta, baƙi daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallo. Amma da aka zo batun yaɗa shi ga ƙasa baki ɗaya, sai kuɗi ya ce ba da shi ba. Kafin 1980 an naɗe tabarmar shirin, kayan aikinsa suka zama harsashin talabijin ɗin ƙasa. Kodebuwa, wadda ta fi Nijar arziki nesa ba kusa ba, ta yi nata daga 1971, ta yi watsi da shi a farkon shekarun 1980 bayan ƙorafin iyaye da malamai. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba a can, ba ta biya ba a nan.

Aka sake gwada dabarar rage kuɗin malami ta wata hanya. Daga ƙarshen shekarun 1990, bisa shawarar masu ba da bashi, aka fara ɗibar "ƴan sa-kai na ilimi", waɗanda daga baya suka zama malaman kwantaragi, a kan ɗan abin da bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, sau da yawa ba tare da horo mai tsawo ba. Azuzuwa suka yawaita, alƙaluman shiga lakwal suka yi kyau a rahotanni. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yara goma da ke gama firamare a Nijar, ko ɗaya cikakke bai kai matsayin karatu da fahimta ba. A 2017 aka yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu matsakaicin maki, sai aka yi ca a kansu. An bar jaki ana dukan taiki. Wa ya ɗauke su? Wa ya tura su daji ba littafin jagora, ya bar su suna bin ɗan kuɗinsu wata da watanni, suna cin bashin shinkafa wajen ƴan kasuwar Filinge har ranar Lahadi ta zama musu ranar ɓuya? Yanzu kuma wannan malamin da aka ƙi ginawa shi ake cewa na'ura za ta cike giɓinsa.

Masu goyon bayan na'urar na da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. A 2024 Bankin Duniya ya yi gwaji na mako shida a birnin Benin na jahar Edo a Najeriya, inda ƴan sakandare suka riƙa koyon Ingilishi da manhajar ƙirƙirarriyar basira bayan an tashi daga aji, aka kuma samu ci gaba na gaske. Sai dai a karanta labarin har ƙarshe: birni ne, akwai ɗakin kwamfuta, yaran sun riga sun iya karatu, kuma malami na tsaye a kansu yana jagorancin tambayoyin. Inda aka raba na'ura kawai aka juya baya, sakamakon daban ne. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa ta raba wa ƴan firamare, binciken da aka wallafa a 2012 bai ga wani ƙari a lissafi ko karatu ba. A nan gida, shirin yaƙi da jahilci na ABC da aka yi a jahohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010 ya ƙara wa manya ƙoƙari da ƙaramar salula mai maɓalli, domin akwai mai koyarwa a gabansu, kuma suna da dalilin rubuta saƙo: tambayar farashin hatsi, gaida ɗa da ke ci-rani.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika tayarwa a otel ba domin masu taron da Faransanci suke mafarki. Yaron Cikal da Hausar Kurfai ya tashi, na Damana da Zabarmanci, na Bonkuku wataƙila da Buzanci. Manhajojin nan da Ingilishi da Faransanci aka shayar da su. Ɗan abin da suka sani na Hausa daga rubutun Kano da gidajen rediyon ƙetare ya fito, Zabarmanci da Buzanci kuwa sai abin da ba a rasa ba. Kuma idan ba su san amsa ba sukan ƙaga ta, su faɗe ta da murya mai tabbaci. Babban mutum mai ilimi zai iya ganewa. Yaro ɗan shekara bakwai da bai rarrabe baƙi da wasali ba fa? Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan gida, kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Shekara hamsin ke nan ana gwaji. Littafin karatu na takarda, ɗaya ga kowane yaro, cikin harshen da yake ji, bai buƙatar caji, kuma ƙurar hunturu ba ta kashe shi.

Ɗan kasuwa ba ya karɓar kaya sai ya tambayi abu uku: nawa ne, kwana nawa zai yi, wa zai gyara in ya lalace. A yi wa kowane shirin raba na'ura waɗannan tambayoyi. Batir nawa ne zai tsallake zafin watan Afrilu a Filinge? In gilashi ya fashe a Sanam, a ina mai gyara yake? Ranar da mai ba da tallafi ya tattara kayansa, daga wane aljihu kuɗin intanet zai fito? Sannan tambaya ta huɗu, wadda ma'aikatan ofis suka fi kowa sanin amsarta: wa zai samu kwangilar sayen kayan, kuma ta wace ƙofa?

Ba wanda ya ce a jefa na'ura a rijiya. In akwai kuɗinta, a fara ɗora ta a hannun malami. A biya shi hakkinsa ta salula a ƙauyen da yake, ya daina rufe aji kwana biyu ko uku don zuwa karɓar kuɗi a gari. A sa masa faifan hasken rana a rufin aji na siminti, a loda masa darussa da jagora a wayarsa ta yadda za su yi aiki ko babu layi. Makarantun horar da malamai su koya masa amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen shirya darasi, da kuma kama ta in ta yi ƙarya. Sufeto ya samu man da zai kai shi ziyara, ko aƙalla kuɗin kiran waya. Kuma kafin a sa hannu a kan kwangilar allon zamani ko guda, ma'aikatar ilimi ta manna a ƙofar ofishin sufeton Filinge adadin azuzuwan zana da suka rage a yankin, da adadin makarantun da ke rufe, da watan ƙarshe da malaman kwantaragi suka karɓi kuɗinsu, yadda duk mai zuwa kasuwar Lahadi zai tsaya ya karanta.