Kuɗin Kare Haƙƙi: Sai Mai Turanci Kaɗai?

Yau ku yi mini afuwa, na ɗan ajiye labarin da muke ciki, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya wani ƙanena ya turo mini sanarwar wata gidauniya ta ƙasar waje, wai tana neman masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam da shugabanci nagari, ta ɗauki nauyinsu shekara guda su yi aikinsu hankali kwance. Ya ce, "Yaya, ai ku ake nema, tunda littattafanka duk a kan zalunci suke." Na zauna da murnata zan cike fom, amma ko shafi na biyu ban kai ba na ajiye. Ana son digiri, ana son bayani mai tsawo da Turanci, ga wasiƙun shaida daga manyan malamai. Ni kuwa da na tsaya a sakandare, ina zan kai wannan kaya?

Ba don kaina nake wannan ƙorafi ba, ni dai ina sayar da ɗan littafina in ci tuwo. Wanda ya faɗo mini a rai wani dattijo ne, tsohon malamin firamare a wajen Gagarawa. Lokacin da gwamnatin Jigawa ta ware kimanin hekta 12,000 domin noman rake, manoma suka yi ta kuka a kan gonakinsu na gado da kuɗin diyya, a gabana na ga wannan bawan Allah yana bi ƙauye-ƙauye a kan tsohon babur, yana rubuta wa mutane takardun koke, yana karanta musu abin da za su dangwala wa hannu kafin su dangwala. Man babur ɗin daga ɗan fanshonsa yake fita. To in wannan ba kare haƙƙi ba ne, mene ne sunansa?

Ku dubi Maigatari ma. Tun shekarar 2000 aka ba ta matsayin yankin ciniki maras shinge, ga kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis wadda fatake ke zuwa daga Damagaram da sauran sassan Nijar. Da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe ta Maigatari. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. Wa ya ƙirga asarar dillali da ɗan dako da mai tuwo-tuwo a waɗannan watanni? Mutanen da suka san amsar suna zaune a Gumel da Sule Tankarkar, amma da Hausa suka san ta, shi ya sa ba a jin su.

Alhaki dai kada in ɗauka, waɗannan gidauniyoyi sun yi abin a yaba. Gidauniyar MacArthur ta buɗe ofis a Nijeriya tun 1994, ta tallafa wa Jami'ar Bayero, ta kuma zuba kuɗi wajen yaƙi da cin hanci. Gidauniyar Ford ta yi wani shiri daga 2001 zuwa 2013 na ɗaukar nauyin 'ya'yan marasa galihu, har da 'yan Nijeriya, amma karatun gaba da digirin farko ne. Shi kuma shirin Mandela na Amurka da aka fara a 2014, sharaɗin da aka sa masa shi ne shekara 25 zuwa 35 da iya Turanci. Kun ga ke nan dattijona ya faɗi tun ba a fara jarrabawar ba.

Mu dawo gidanmu na marubuta. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, amma ita ce ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, littafin da ya shiga ɗakunan matan da babu wani taron bita na otal da ya taɓa isa gare su. Da fom irin nawa aka miƙa mata a lokacin, da an ce ba ta cancanta ba.

Na san za a ce mai kuɗi shi ke da ikon gindaya sharaɗi, kuma dole ya nemi wanda zai iya kawo masa lissafi. Haka ne, mu ma da namu laifin, domin na san masu ƙungiyar da ba ta wuce cikin jaka ba, suna jin ƙamshin dala sai su buga hatimi. Amma ai Turanci bai taɓa hana mutum cin amana ba, sau da yawa ma shi ke rufa masa asiri.

Shawarata ga masu bayarwa ita ce su karɓi buƙata da Hausa, ko a rubuce ko ta saƙon murya, su kuma zo da ƙafarsu su tambayi mutanen gari wane ne ke tsaya musu. Kuɗin tikitin jirgin mutum ɗaya zuwa Amurka zai riƙe babur ɗin dattijon nan shekara da shekaru. 'Ya'yanmu masu digiri kuma, in kun samu, kada a ƙare a hoto da kwat. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambayar hukuma yadda aka kashe kuɗinsa, amma mutum nawa ne a kasuwar Maigatari suka taɓa jin ta da harshensu? Ku fassara ta, ku kai musu.

Mu marubuta kuwa, alƙalami ne jarinmu. Ni na yi alkawari duk ranar da na sake ganin irin wannan sanarwa, zan nemi mai Turanci mu zauna mu cike da sunan dattijon nan, ko a samu ko a rasa.

Mako mai zuwa za mu ci gaba da labarinmu in Allah Ya kai mu. Wassalam.